Taswirar yatsu: yadda ake rubuta kiɗan jita, da abin da za ta iya yi wa gurmi da garaya

Duk wanda ya riski zamanin da wayar Nokia ke tashe, ya kuma taɓa ratsa karar shanu ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba zai kasa tuna wani ɗan gajeren amo da kan tashi daga aljihun dillalai da fatake a daidai lokacin da ciniki ya ɗau zafi ba. Kaɗan ne daga cikin masu amsa kiran suka san cewa ba kamfanin wayar ne ya ƙirƙiro amon ba. Gutsuro shi aka yi daga wani kiɗan jita mai suna Gran Vals, wanda Francisco Tárrega, mutumin Sifaniya, ya tsara a 1902. Tárrega ya rasu a 1909, amma har gobe mai jita a kowace nahiya yana iya kaɗa kiɗan kusan yadda mai shi ya nufa, domin a rubuce ya bar shi.

Hanya biyu ce ta shahara wajen rubuta kiɗan jita. Ta farko ita ce rubutun layi biyar da ake koyarwa a makarantun kiɗa da rundunonin badujala na soja da 'yan sanda, wanda ɗigogin da ke kansa ke nuna sautin da ake so a ji da tsawon lokacinsa. Ta biyu ita ce wadda Turawa ke kira tablaca, a taƙaice tab, wadda za a iya kiranta taswirar yatsu da Hausa. Ita ba sauti take faɗa ba, wurin da za a ɗora yatsa take nunawa. Daga wannan bambanci ne amfaninta ya samo asali, daga nan ne kuma rauninta ya fito.

Yadda ake karanta ta

Jita tana da tsirkiya shida, don haka taswirar tana da layuka shida a kwance, kowane layi yana wakiltar tsirkiya guda. A tsarin da ake bi yau, layin sama shi ne tsirkiya mafi siranta mai zaƙin murya, na ƙasa kuma shi ne mai kauri. Wuyan jita a rarrabe yake da ƙananan ƙarafa da suka gitta shi, kamar gaɓoɓin rake, kuma lambar da aka rubuta a kan layi tana nuna gaɓar da za a danne. Sifiri na nufin a kaɗa tsirkiyar a sake, ba tare da an danne ta ba. Ana karantawa daga hagu zuwa dama. Lambobin da aka jera wata bisa wata kuwa, a tare ake kaɗa su.

Misali, mai son fitar da sautuka biyar ɗin nan, do, re, mi, so, la, waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da irin jerinsu, zai ga 1 da 3 a kan layi na biyu, sannan 0 da 3 da 5 a kan layi na farko. Shi ke nan. Yaron da ya iya ƙirge zai fahimci wannan cikin yini guda, alhali rubutun layi biyar kan ci watanni kafin ido ya saba da shi.

Akwai kuma wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. A jikin fiyano, kowane sauti maɓalli ɗaya gare shi. A jita ba haka abin yake ba. Sautin da tsirkiya ta farko ke bayarwa a sake, ana samun sa a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyu, da gaɓa ta 9 ta tsirkiya ta uku, da gaɓa ta 14 ta tsirkiya ta huɗu. Tsayin sautin ɗaya ne, amma ɗanɗanonsa ya bambanta: na farko a washe yake fita, na ƙarshe kuwa da nauyi da taushi. Rubutun layi biyar sai an ƙara masa alamomi kafin ya faɗi wanne ake nufi. Taswirar yatsu kuwa da ma aikinta ke nan.

Ba sabon abu ba ne

Wasu malaman kiɗa suna yi wa tab kallon hanyar ragwaye, abin da intanet ta haifa wa masu gudun karatu. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun a ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya yi amfani da haruffan abajada wajen sanya wa sautukan udu suna gwargwadon wurarensu a wuyan kayan kiɗan. A ƙarni na 13, Safiyuddin Al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta kari a littafinsa Kitabul Adwar da haruffa, ya sa lambobi a ƙarƙashinsu don nuna tsawon kowane sauti. Almajirin da ya san hisabin abajada ba zai ga baƙon abu a wannan dabara ba.

Udun Larabawa ne ya shiga Turai, musamman ta Andalus, ya zama abin da suke kira lut, har sunan ma daga Larabcin aka karkato shi. A 1507 maɗabi'ar Ottaviano Petrucci da ke Banis a Italiya ta buga kiɗe-kiɗen Francesco Spinacino, littafin lut na farko da aka fitar da injin ɗab'i, kuma da taswirar yatsu aka buga shi. A 1536 Luis Milán ya fitar da El Maestro a Balensiya, a 1674 kuma Gaspar Sanz ya fitar da littafinsa na koyar da jita a Saragosa, duka da wannan tsari. Sai dai kowace ƙasa da salonta. Italiyawa lambobi suke sawa, amma suna kifa layukan, tsirkiya mai kauri ta koma sama. Faransawa haruffa suka zaɓa: a tsirkiya a sake, b gaɓa ta farko, c ta biyu, haka har gaba. Jamusawan farko ba su ma ja layi ba, kowane wuri a wuyan lut sun ba shi alamarsa. Wanda ya ɗauki tsohon shafin Italiya ya karanta shi da idon yau, kiɗan zai fito masa a birkice.

Sai a ƙarshen ƙarni na 18 ne masu jita suka koma rubutun layi biyar. Wannan ne ya sa manyan sunayen da ɗalibin jita ke fara cin karo da su, irin su Fernando Sor, Mauro Giuliani, Ferdinando Carulli da Matteo Carcassi, da Tárrega kansa, ba su bar ayyukansu a taswirar yatsu ba. Duk tab ɗin kiɗansu da aka gani yau, wani ne daga baya ya zauna ya mayar. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai nema, domin tambayar farko ita ce: wane ne ya mayar, kuma daga wane bugu?

Nemo ta, da tantance ta

Abu ne mai sauƙi a samu tab ta kusan kowane sanannen kiɗan kilasika a waya. Samun ingantacciya ne aiki. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo, masu koyo ne suka rubuta su da kunne, wasu kuma manhaja ce ta zuba lambobin ba tare da la'akari da cewa hannun ɗan Adam yatsu biyar gare shi ba. Illar kuskure a nan ta fi ta kuskuren karatu, domin yatsa idan ya haddace hanya, raba shi da ita ya fi koya masa sabuwa wuya.

Hanya mafi aminci ita ce a fara daga tushe. Rumbun IMSLP, wanda aka kafa a 2006, yana ɗauke da hotunan tsofaffin bugu na kiɗe-kiɗen da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta. Tarin Boije da ke ɗakin karatun kiɗa na Sitokhom a Suwidin shi ma ya shahara wajen littattafan jita na ƙarni na 19. Mai koyo zai iya ɗora tab ɗin da ya samu kusa da asalin, ko da bai ƙware a layi biyar ba, ya ƙirga ɗakunan kiɗan ya ga ko sun yi daidai, ya duba ko an zubar da wani abu.

Tab mai kyau tana da alamomi da ake gane ta da su. Tana faɗin yadda za a ɗaure tsirkiyoyi tun a sama, domin kiɗe-kiɗe da dama suna buƙatar a sassauta tsirkiya ta shida ta sauka daga mi zuwa re, kuma idan ba a faɗa ba duk lambobin wannan layi sun tashi a banza. Tana nuna tsawon sautuka, ko da sanduna a ƙarƙashin lambobi ko da layi biyar a samanta. Tana kuma nuna yatsun da za a yi aiki da su: 1 zuwa 4 ga hannun da ke danna wuya, sai haruffan p, i, m, a ga hannun da ke kaɗawa, wato babban yatsa, manuni, na tsakiya da mai bi masa, daga sunayensu na Sifaniyanci. Wadda ta rasa tsawon sauti ita ce mafi haɗari. Kiɗan kilasika yakan tafi da muryoyi biyu ko uku a lokaci guda, ɗaya tana riƙe a ƙasa yayin da wata ke tafiya a sama, kuma lambobi zalla ba sa faɗin yaushe za a ɗaga yatsa. Kiɗan Bach musamman, idan aka bi shi da irin wannan tab, sautukan duk za su fito, amma zancen da muryoyin ke yi da juna ya ɓace.

Sai batun doka. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, kariyar aikin kiɗa tana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Ayyukan Sor, wanda ya rasu a 1839, da na Tárrega, da na Agustín Barrios na Faraguwai, wanda ya rasu a 1944, sun zama na kowa. Na Heitor Villa-Lobos na Barazil, wanda ya rasu a 1959, suna da sauran lokaci har ƙarshen 2029, na Joaquín Rodrigo kuwa, wanda ya rasu a 1999, da sauran tafiya mai nisa. Haka kuma sabon tsarin da wani ya yi wa tsohon kiɗa yana iya zama da nasa haƙƙin, ko da asalin ya daɗe da fita daga kariya.

Idan ba a samu ba

Wanda bai sami abin da yake nema ba yana iya rubuta tasa. Manhajar MuseScore kyauta ce, haka ma TuxGuitar, Guitar Pro kuma ta kuɗi ce. Ana shigar da kiɗan a layi biyar, manhajar ta fitar da lambobi a layi shida, ta kuma kaɗa shi a ji. Amma abin da ta fitar daftari ne kawai. Sau da yawa takan zaɓi gaɓa mafi kusa da kan jita, ko da hakan zai sa hannu tsalle-tsallen da ba dole ba. Sai mai shi ya ɗauki jitarsa ya bi ɗaki-ɗaki, yana matsar da lambobi zuwa inda yatsu za su kai ba tare da an yanke sautin da ya kamata ya daɗe ba. Wanda ba shi da kwamfuta, littafin makaranta da abin jan layi sun wadatar.

Aikin ya fi nauyi idan kiɗan ba don jita aka tsara shi ba. Asturias na Isaac Albéniz, wanda mutane da yawa ke ɗauka kiɗan jita ne tun asali, don fiyano aka rubuta shi. Shakon ɗin Bach da Andrés Segovia ya kaɗa a Faris a 1935 na gogen Turawa ne. Fiyano tana iya fitar da sauti goma a bugu ɗaya, jita ba ta wuce shida, kuma yatsu huɗu ne kacal ke danna wuya. Dole mai mayarwa ya sauya mazaunin kiɗan zuwa inda tsirkiyoyin sake za su taimaka masa, ya riƙe kari da muryar ƙasa, ya haƙura da wasu sautukan tsakiya. Ya kuma tuna cewa ana rubuta jita a sama da yadda take fita da hawa guda cikakke, wato daga do zuwa do na gaba. Idan kiɗa ya sauya, in ji Hausawa, rawa ma sai ta sauya.

Ina gurmi da garaya a wannan lissafi?

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tana zaune ne a mahaɗar hanyoyi. Mangawa ne suka kafa sarautarta, alaƙarta ta tarihi da Barno ce, iyakarta ta arewa kuma da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Hanyar da shanu da raƙuma ke bi su iso Maigatari ita ce kiɗa ma ke bi. Jitar Abzinawa ta irin su Bombino da Mdou Moctar ta yaɗu a yankin Sahara ne ta katin waya da turi daga hannu zuwa hannu, kafin kamfanonin Turai da Amurka su san da ita. Matashin da ya ji ta har ya yi sha'awar riƙe jita, tab ce malaminsa mafi kusa.

To amma ƙasar Hausa tana da nata kayan tsirkiya, kuma su ne suka fi buƙatar alƙalami. Akwai garaya mai tsirkiya biyu, wadda aka sani da maharba da 'yan bori. Akwai molo mai uku. Akwai gurmi na ƙwarya, wanda marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi. Akwai kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, wanda ake yi da gwangwani a rufe da fata, wanda Adamu Ɗanmaraya Jos ya kai shi duniya kafin rasuwarsa a ranar 20 ga Yunin 2015. Sai goge da kukuma, waɗanda ake gogawa ba kaɗawa ba. Duk waɗannan da kunne da ido ake koyonsu, yaro yana bin uba ko maigida zuwa biki da kasuwa shekara da shekaru. Yanzu kuwa 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma fiyanon situdiyo ta karɓe mafi yawan kiɗan finafinai da na bukukuwa.

An yi ƙoƙari wajen taskacewa, ba a ce ba a yi ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya shafe shekaru yana tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa. Sai dai ƙarfin irin waɗannan ayyuka ya fi karkata ga kalmomi da tarihi. Baitin waƙa yana shiga littafi cikin sauƙi. Abin da yatsun mai gurmi ke yi a tsakanin baiti da baiti shi ne ke bin mai shi kabari. Faifai yana adana amo, amma ba ya faɗin wace tsirkiya aka taɓa, da wane yatsa.

Makwabta sun ga yadda abin kan kasance. Biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma a Tafkin Chadi, ya kai ga saura gwani ɗaya da aka sani, Boukar Tar. Malam Maman Barka, mai gurmi daga jihar Damagaram da ke aiki a cibiyar horar da makaɗa ta Elhadji Taya a Yamai, shi ne ya tafi ya zauna a gabansa ya koya da tallafin UNESCO a farkon shekarun 2000. Barka ya rasu a 2018.

Mayar da taswirar yatsu kan gurmi ko garaya abu ne mai yiwuwa, har ma ta wani fannin ya fi na jita sauƙi, tunda layi biyu ko uku ake buƙata maimakon shida. Matsalar ita ce wuyansu sanda ce sumul, babu gaɓoɓi, don haka babu lambar da za a kira. Tsirkiyoyin kuma da zoben fata ake ɗaure su a jikin sandar, makaɗi yana matsar da shi sama ko ƙasa har sai amon ya dace da muryarsa, ta yadda gurmi biyu ba lallai su yi ɗauri ɗaya ba. Mafita ita ce a auna da kason tsawon tsirkiya, ba da inci ba. Duk tsirkiyar da aka danne a tsakiyarta tana ba da sautinta na asali a hawa na sama, wanda ya yi daidai da gaɓa ta 12 a jita. Kashi ɗaya cikin uku daga sama ya yi daidai da gaɓa ta 7, kashi ɗaya cikin huɗu kuma da gaɓa ta 5. Da waɗannan tashoshi uku za a iya sa wa sauran wuraren lamba, a kuma rubuta a saman shafi tazarar da ke tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta.

Lokaci kuma yana da tasa dabarar. Masana kiɗan Afirka ta Yamma sun daɗe suna amfani da jerin akwatuna, kowane akwati bugu ɗaya mafi ƙanƙanta, tsarin da James Koetting ya bayyana a 1970 don gangunan Ghana. Idan aka zuba lambobin yatsu a cikin irin waɗannan akwatuna, an sami wuri da lokaci a shafi guda, har da gurbin bugun da makaɗi ke yi a kan fata ko ƙwarya da kuma amon caki.

Abin da takarda ba za ta ɗauka ba yana nan da yawa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kayan kiɗanta magana suke yi: take da kirari suna bin hawa da saukar kalmomi, mai sauraro yana jin sunan da ake ambata ko da ba a buɗe baki ba. Goge da kukuma suna zamewa daga sauti zuwa sauti ta hanyar da lamba ba za ta kama ba, makaɗi kuma ba ya maimaita kiɗa iri ɗaya sau biyu, yana duban wanda ya shigo fage ne ya sauya. Saboda haka shafin da aka rubuta wa gurmi ba zai tsaya shi kaɗai ba. Yana buƙatar kalmomin taken a rubuce a ƙarƙashin lambobi, da bidiyon waya da aka ɗauka daf da hannun makaɗin, da sunansa da garinsa da wanda ya koya a wurinsa, da kuma yardarsa, tunda kiɗan abincinsa ne. Ɗalibin Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke neman abin da zai yi kundin kammala karatu a kai, kayan aikin da yake buƙata ba su wuce waya, magwajin tela da littafin rubutu mai gidan dara ba.